Inna Gap-sun da Takalman Manajan Kwalba

Kafin kasuwar magunguna ta garin Jecheon ta buɗe ido, Inna Pyo Gap-sun ta riga ta ɗaga ƙofar shagonta ta kunna wuta. Tukwanenta uku ne, na ƙarfe, masu murfin da ake ɗaurewa da kusoshi. Za ta wanke saiwar cik, wadda ake haƙowa daga tsaunuka da kaurin cinyar mutum, a cikin ruwan da ke cizon yatsu. Za ta sassare ta da ɗan gatari, ta ɗebi 'ya'yan itacen hotge da sassaƙensa, ta watsa jar magarya a kai, ta ɗaure murfi. Daga nan sai ta ja kujera ta zauna tana sauraron tukwane kamar mai jiran jariri ya farka. Da hantsi ruwan ya yi baƙi ya yi kauri, inji ya ɗura shi cikin 'yan ledoji ya liƙe, ita kuma ta jera su a kwali tun suna da ɗumi. Sama da shekara talatin ke nan ba ta canza wannan tsari ba.

Ƙarshen watan nan za ta sauke ƙofar ta miƙa mabuɗi. Gwiwoyi sun ƙi. Ba wanda zai shirya mata taro, ba wanda zai rataya mata lambar yabo, don a garin nan ba ma yabon mutum sai ya mutu, in ya mutu kuma mu taru mu bugu a gidan makokinsa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana da kunnen ji.

Inna Gap-sun tana da doka ɗaya wadda ta hana ta arziki: mai sha shi ke ɗauka. Ba ta aika kwali gida, ba ta ba direba, ba ta ba matar mutum. Duk wanda aka dafa wa maganin giya sai ya tako da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi, ya hau dakalin katako mai ɗumi da ke ƙuryar shagon, ya shanye ledar farko a gabanta. Yana sha tana jero masa tambayoyin da ba su da kai. Me ka ci jiya? Karen nan naku ya warke? Wa ya kawo ka? Maza suka sa mata suna 'Yar Sanda. Mata suka ce gulma ce ke cinta. Kaɗan ne suka lura cewa ba amsar take saurara ba. Hannun da ke riƙe da leda take kallo, da ƙwayar ido, da yadda mutum ya taka daga ƙofa zuwa dakali.

Mu kuwa mun san abin da muka mayar da wannan leda. Mun mayar da ita lasisi. Babba zai kira ƙananan ma'aikata cin abincin kamfani, ya raba musu leda ɗai-ɗai da hannunsa, ya ji a ransa ya yi aikin uba, sannan ya miƙo kofin soju, giyar shinkafa, wanda ba mai ikon mayarwa. Ka karɓa da hannu biyu, ka kau da kai gefe, ka shanye, ka ce na gode. Uwa za ta cusa wa ɗanta leda a aljihu maimakon ta ce masa kada ya je. Masu bincike a jami'o'i suna gwada ruwan waɗannan itatuwa a kan ɓeraye, suna neman abin da zai kare ƙwaƙwalwa daga ɓarnar giya, kuma aiki ne mai kyau, wataƙila wata rana ya haifi wani abu. Amma su da bakinsu ba su ce an gama ba. Mu ne muka ji rabin magana muka ruga mashaya da ita. Da aka karanta wa Inna Gap-sun labarin ɓerayen, cewa ta yi: "Madalla da ɓera. Shi ba shi da shugaban da zai ce masa ƙara ɗaya."

A cikin masu hawa dakalinta akwai Bang Jae-gu. Aikinsa ba a rubuta shi a katin kowa, amma kowa ya san shi. Shi ne Manajan Kwalba na wani kamfanin kwaɓa siminti da ke bayan gari. Mai kamfanin, Shugaba Maeng, likita ya hana shi giya tun da hantarsa ta yi gargaɗi, su kuma masu ba da kwangila ba su yarda da wanda bai bugu tare da su ba. To, sai a tafi da Jae-gu. Duk kofin da aka miƙo wa shugaba, shi zai tashi ya rusuna ya karɓa. Ya iya waƙa, ya iya ba'a, ya iya sa baƙo cikin mota yana dariya alhali shi kansa ƙafafunsa sun daina jin maganarsa. Shugaba Maeng ba ya yi masa rowa. Kwali mafi tsada yake sa a dafa masa duk wata, kuma yakan faɗa a gaban mutane cewa lafiyar Jae-gu amana ce a wuyansa.

Jae-gu ɗan gida ne a wurin Inna Gap-sun. Lokacin da mijinta ya rasu, shekara biyu kafin abin da za a faɗa, shi ne ya durƙusa a ƙofar ɗakin makoki tun daga ranar farko har aka ɗauki gawa, yana jera takalman masu gaisuwa don kowa ya fito ya samu nasa. Hoton marigayin yana rataye a shagon, sama da tukunya ta uku.

Wata safiya ta watan ƙarshen shekara, lokacin da kowane kamfani ke bikin sallamar shekara dare bayan dare, Jae-gu ya zo ɗaukar kwali. Ta ga ya dafa ƙyauren ƙofa kafin ya shigo. Ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Kai, yaushe rabonka da shinkafa?"

"Haba Inna, soju ai shinkafa ce da ta yi ilimi."

"Ilimin ne ya cinye maka kumatu? Zauna in zubo maka miya."

"Cikin ba ya karɓa kwanan nan. In aka fita daga watan nan zan ci har ki kore ni."

Ya sha ledarsa, ya rungumi kwali, ya fita yana bin bango. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Duk wunin ranar hankalinta bai koma kan tukwane ba.

Da la'asar, Seok mai tasi yana kan dakali yana shan ruwan magarya kamar yadda ya saba, sai ga Jae-gu ya sake shigowa, ya ɗaura ɗamarar wuya, gashi ya sha mai. Ya ware ƙafafu yana takawa kamar wanda ke cikin kwalekwale.

"Sannu da aiki, Inna! Kwalin kamfani ya sauka?"

Seok ya fashe da dariya. "Wannan kuma sabon salo ne? Ka sayar da na safe ka dawo neman na banza?"

"Wane na safe? Kai dai sha ruwanka, tsohon direba." Jae-gu ya waiga yana murmushi. "Inna, ina Kawu? Ko ya hau tsauni haƙar cik a wannan sanyin?"

Seok ya daina dariya. Ya ɗaga kai ya dubi hoton marigayi mijin Inna, wanda Jae-gu ke kira Kawu, ya dubi Inna Gap-sun.

Ita kuwa ta juyo ta dubi Jae-gu. Ba ta ɗaga murya ba. "Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya ma mun haɗu a tashar jirgi. Ya ce in gaya miki kada ki jira shi da abinci." Ya faɗa sumul, babu ƙifta ido, da fuskar mai gaskiya. Ta matso ta dube shi sosai. Ƙwayar idonsa tana rawa gefe da gefe, ta kasa tsayawa a kanta. Kuma babu warin giya a bakinsa. Da ma a buge yake, da ta samu sauƙi.

Ba ta san sunan ciwon ba. Abin da ta sani shi ne ta taɓa ganinsa. Mahaifinta ɗan haƙar kwal ne, mai wanke ƙurar maƙogwaro da giya. Wata rana ya fara irin waɗannan labarai, mutanen gida suka yi ta dariya, suka yi ta dafa masa saiwa suna jiran ya warware. Bai warware ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tambayar ko an busa ƙahon shiga rami, shekaru bayan an rufe ramin.

"Hau ka zauna," ta ce. "Kwalin yana hucewa."

Ya tuɓe baƙaƙen takalmansa masu sheƙi, ya hau da rarrafe. Yana juya baya ta sunkuya ta kwashe su. Tukunya ta uku babu komai a cikinta ranar, ta huce tun safe. Ta jefa takalman ciki, ta mayar da murfi, ta ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Seok ya buɗe baki, ta harare shi ya rufe. Sai ta kira matar Jae-gu a waya.

Tak Mi-ran, wadda kowa ke kira Maman Su-a, ta iso da hular ɗakin girkin makarantar da take aiki har yanzu a kanta. Inna Gap-sun ta ja ta bayan buhuna ta faɗa mata abin da ta gani. Matar ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Inna.

"Kwana nawa ke nan?"

"'Yan kwanaki ne, Inna. Gajiya ce. Ki ƙara hotge, ki ninka, ko nawa ne."

"Ko na dafa dajin gaba ɗaya ba zai yi ba. Asibiti za ki kai shi, yanzu."

"Asibiti?" Ta kama hannun Inna da hannu biyu, tana magana ƙasa-ƙasa. "Wata mai zuwa za mu zauna da iyayen yaron da zai auri Su-a. Garin nan ƙarami ne. In aka ji uban amarya ya kwanta saboda giya ta taɓa masa kai, wa zai zauna da mu? Kamfani kuma fa? Manajan Kwalba da ba ya sha, aikin me zai yi musu? Ki rufa mana asiri, Inna. Ke ce kullum kike gyara shi."

"Ban taɓa gyara shi ba, Maman Su-a. Ruwan itace nake sayarwa. Yana kwantar da ciki, yana sa mutum ya ji daɗin safiya. Ban taɓa ce wa kowa garkuwa ba ne."

Ba su gama ba baƙar mota ta tsaya a ƙofa. Shugaba Maeng ya shigo yana duba agogo. Ya girma a lungu ɗaya da Inna Gap-sun, ta girme shi nesa, ta taɓa goya shi, don haka ya rusuna kafin ya yi magana.

"Yaya, sannu da aiki. Manaja Bang, me kake yi a nan? Tun ɗazu nake nemanka. Baƙin sun baro Seoul."

Jae-gu ya zabura ya sauko da ƙafafu yana lalube. "Ranka ya daɗe, yanzun nan. Ina takalmana?"

"Suna cikin tukunya," in ji Inna Gap-sun.

Shugaba Maeng ya yi 'yar dariya, ya ga ba mai taya shi. "Yaya, yau ba ranar wasa ba ce. Kwangilar gadar nan ita ce abincin ma'aikatana na shekara mai zuwa. Mutumin da ke zuwa ba ya sa hannu sai ya ga ƙasan kwalba. Kin san ni ba ni da hantar."

"Shi kuma ba shi da kan."

"Ragowar ta jiya ce. Ba shi leda biyu, zai miƙe. Ai don haka nake sayen mafi tsada."

"Du-sik," ta ce.

An daɗe ba wanda ya kira Shugaba Maeng da sunan yarinta, balle a gaban ma'aikacinsa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Kwalin da na dafa yau yana ina?" ta tambaye shi.

"Yana bayan motata. Shi ya kawo da safe."

"To, yanzu ya zo ɗaukarsa. Tare kuka ci abincin rana?"

"Tare. Taliya muka ci a gefen kamfani. Shi ma bai taɓa tasa ba."

"Tambaye shi."

Shugaba Maeng ya juya a hankali. "Manaja Bang, me muka ci da rana?"

"Gasasshen kifi mana, ranka ya daɗe, a bakin tafki. Har ka ce gishiri ya yi yawa." Jae-gu ya yi dariya yana duban kowa, yana jiran a taya shi.

Wanda ya ga fuskar Shugaba Maeng a lokacin ya ce jini ya janye daga cikinta. Ya gane. Kada wani ya ce bai gane ba. Amma ku ji abin da ya fito daga bakin mutumin da ya gane, don a nan ne ciwonmu yake:

"Yau kaɗai, Yaya. Gobe da sassafe ni da kaina zan kai shi, kuɗin asibiti a kaina. Zan ce su yi masa sauƙi. Kwalba biyu, uku, shi ke nan." Ya nufi tukunyar ya ɗora hannu a kan kusa.

Inna Gap-sun ta riga shi kai hannu kan makunnin gas. "Ka taɓa murfin nan, na kunna. Sai ka raba wa baƙinka romon takalmi."

"Takalmi ai kasuwa cike take da su!"

"Je ka saya. Seok zai raka ka, yana gaya wa kowane shago dalili."

"Ni da murya kuwa," in ji Seok.

Inna Gap-sun ba ta cire hannu daga makunnin ba. Ta san takalmi ba zai tsare mutum ba in matarsa ta ce ya tafi. Ba 'yar'uwarsa ba ce, ba likita ba ce, tsohuwa ce mai tukwane. In Maman Su-a ta buɗe baki ta ce a ba shi takalmansa, magana ta ƙare. Rana tana faɗawa bayan tsauni, wayar Shugaba Maeng tana ta kuka a aljihunsa, matar kuma ta tsaya tsakiyar shago tana murza hularta, ta kasa duban kowa.

Jae-gu ne ya raba gardamar, bai kuma san ya yi ba. Ya dubi matarsa kamar yanzu ya ganta.

"A'a, Maman Su-a, me kike yi a nan? Wa zai ɗauko yarinyar daga makaranta? Kin san tana tsoron tsallaka titin jirgi ita kaɗai."

Su-a ta kusa shekara talatin. Tana aiki a banki a wani gari.

Hular ta faɗi daga hannun matar. Sai ta je ta durƙusa a gaban mijinta ta kwance masa ɗamarar wuya.

"Na ɗauko ta, Baban Su-a. Tana gida. Taso mu je."

"Ina? Baƙi suna jira."

"Shugaba ya ce an ɗaga. Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

Ba ta waigo ba da ta yi tambayar. Shugaba Maeng ya dubi wayarsa, ya dubi ƙasa. "An ɗaga," ya ce.

Inna Gap-sun ta leƙa ƙarƙashin dakali ta jawo fararen takalman roba na mijinta, waɗanda ta kasa zubarwa. Ta zura masa su da hannunta. A cikinsu ya shiga tasin Seok.

Likitocin ba su ɓata lokaci ba. Suka ce wani sinadari ne, bitamin B1, ya ƙare a jikinsa, don giya tana hana jiki tsotsarsa, shi kuma ya daina cin abinci. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashinsa. Suka shiga ɗura masa ta jijiya tun a daren. Suka gaya wa matar cewa wannan ciwo ne da ake tsere da shi, duk jinkiri yana cin wani abu da ba ya dawowa, kuma ba su yi alkawarin nawa za a ceto ba.

Kada a ɗauka gari ya tafa wa Inna Gap-sun. Kwangilar gada ta tafi wani kamfani. Aka rage ma'aikata, matan wasu daga cikinsu suka daina gaishe ta a kasuwa. Kamfanin ya daina sayen kwali, wasu kamfanonin da suka ji labarin tsohuwar da ke dafa takalmi suka koma shagunan da ke kai kaya har ofis ba tambaya. Tukunya ta biyu ma ta huce. An ɗaga zaman surukai. Akwai darare da yawa da ta kwana tana juyi, tana tambayar kanta ko ta rusa gidaje da yawa don ceton mutumin da ya riga ya tafi.

Don da aka sallame shi, tafiya ta miƙe, ido ya tsaya, amma kan ya ƙi riƙe sabon abu. Maman Su-a takan kawo shi shagon duk mako don ya ga fuskar da ya sani. Zai tuɓe takalman robar, ya hau dakali, ya yi murmushi.

"Inna, ina Kawu?"

"Kawunka ya rasu, Jae-gu."

Sai fuskarsa ta rushe, ya yi kuka kamar yau aka yi. Mako na zagayowa, a sake. Har Maman Su-a ta gaji ta ja ta gefe.

"Inna, don girman Allah ki ce masa ya hau tsauni. Me zai rage ki? Ke ma kina sake binne shi duk mako."

"In na yi masa ƙarya, da me zan gane ranar da ya dawo?"

Ke ce wannan, Inna Gap-sun. Ke ce mai sayar da magani wadda ta ƙi yi wa maganinta ƙarya, alhali ƙaryar ce ke da kasuwa. Ke ce kika yarda a sake fasa miki ciwon takaba mako bayan mako, don kada ki rufe ƙofar da mutum zai biyo ya dawo. Mun ba ki suna 'Yar Sanda muna dariya, ashe ke kaɗai ce ke tsaron hanya.

Dusar ƙanƙara ta narke, furanni suka fito suka zube. Wata rana da hantsi, tana jera ledoji, suka shigo. Ya hau dakali. Ya buɗe baki.

"Inna, ina..."

Ya tsaya. Ita ma ta tsaya da leda a hannu. Idonsa ya tashi daga kanta ya hau bango, sama da tukunya ta uku. Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu, yadda ake yi wa mamaci.

"Kin gaya mini," ya ce a hankali. "Makon jiya kin gaya mini. Ni ne ma na jera takalma, ko?"

Ta je ta buɗe kabad ta ɗauko baƙaƙen takalman, ta goge su da gefen zanenta, ta ajiye a gaban dakali, bakinsu yana duban ƙofa. Ya ɗaga ɗaya ya sansana.

"Inna, me ya sa takalmana ke warin hotge?"

"Tambayi Seok," ta ce, tana share ido. "Zai ba ka labarin da ƙari."

Da takalman nan a ƙafarsa ya riƙe hannun Su-a ranar bikinta. Bai warke duka ba, kada a yi ƙarya a nan ma. Akwai shekarun da suka ɓace masa har yau, yakan manta inda ya dosa, aikin da yake yi yanzu buɗe ƙofar wurin ajiye motoci ne. Amma ya san sunan surukinsa, ya san matarsa ta yi furfura, ya san wanda ya mutu da wanda ke raye. Kofi kuma bai sake taɓawa ba.

Abin da ke hana barci shi ne wannan. Wanda ya sayi shagon ya riga ya buga talla: a yi oda ta waya, kwali ya iso ƙofa kafin gari ya waye. Dakalin za a cire shi a sa firiji. Daga wata mai zuwa babu wanda zai kalli yadda mai sha ke takowa daga ƙofa. Kuma a kamfanonin bayan gari akwai sababbin Manajojin Kwalba, samari masu ƙarfin hanta, waɗanda shugabanninsu ke cika wa aljihu da leda suna kiran abin kulawa. Wata mai zuwa ba nisa, ƙarshen shekara ma ba nisa.

Ga shugaban da ke karanta wannan: in kwangilarka ba ta tsayuwa sai a kan ƙwaƙwalwar wani, ba kwangila kake ci ba, mutum kake ci. Ga masu tukwane: ku faɗi iyakar abin da tukunyarku ta iya, ku sa mai sha ya tako da ƙafarsa. Ga sauranmu, mata da abokai da 'ya'ya: in kun ga mashayi ya daina cin abinci, tafiyarsa ta karkace, ya fara ba da labarin abin da bai faru ba, kada ku yi dariya, kada ku ninka saiwa, kada ku jira gobe. Asibiti, a ranar.

Sannu da aiki, Inna Gap-sun. Mun gode da ruwan da kika dafa, mun fi godewa da ranar da kika hana. Ki je ki miƙe gwiwoyinki a ɗaki mai ɗumi, kin yi naki.

Mu da muka rage ba mu da tukunya mai kusoshi. Amma a duk gidan cin abincin da ake miƙa wa mutum kofin da ya fi ƙarfinsa, takalmansa suna nan a bakin ƙofa, a jere, ba mai gadinsu. Sunkuyawa kawai ake yi.